Maƙerar Bulkan ko Masu Kaɗin Zare: Wanne Zanen Velázquez Za Ka Ɗauka?

A gidan adana zane-zane na Prado da ke Madrid, babban birnin Sifaniya, akwai manyan zane biyu na Diego Velázquez da suka cancanci a jera su a duba. Ɗaya maza ne a maƙera, ɗayan kuma mata ne a ɗakin kaɗin zare. Sunansu da Sifaniyanci La Fragua de Vulcano da Las Hilanderas, kuma da waɗannan sunaye za ka fi saurin samunsu a intanet. Kowannensu ya haura mita biyu da rabi a faɗi, kowanne kuma daga tatsuniyoyin Girkawa da Romawa aka ɗauko labarinsa. An zana na maƙera a 1630, na masu kaɗi kuwa tsakanin 1655 da 1660, wato ɗaya aikin ƙuruciya ne, ɗaya na tsufa.

Masu neman zaɓi tsakaninsu iri-iri ne. Akwai ɗalibin zane da malami ya ce ya ɗauko aiki ɗaya na zamanin Barok ya kwaikwaya, ko ya yi dogon rubutu a kansa. Akwai mai son sayen bugun hoton ya rataye. Akwai kuma wanda tafiya ta kai shi Madrid, lokacinsa a Prado bai wuce awa ɗaya ba. A ganina Masu Kaɗi ya fi Maƙera nesa ba kusa ba, amma fifiko daban, dacewa daban. Akwai mutanen da in suka ɗauke shi za su yi da-na-sani.

Barok salo ne da ya taso a birnin Roma wajen 1600, ya bazu a Turai har zuwa tsakiyar ƙarni na 18. Masu zanensa suna son haske mai ƙarfi daf da duhu, suna son motsi, suna kuma son cafke labari daidai inda ya yi zafi. Yawancin aikinsu na coci ne, amma sarakuna da attajirai suna son a zana musu tatsuniyoyin mutanen da, musamman waɗanda mawaƙin Roma Ovid ya tara a littafinsa Metamorphoses wajen shekara ta 8 miladiyya. Ba bautar waɗannan alloli ake yi ba a lokacin. Velázquez da sarkinsa Filib na IV 'yan Katolika ne, labaran kuwa kayan karatu ne da ake sa ran duk mai ilimi ya sani.

In ka saba ganin irin aikin Rubens, shahararren mai zane na yankin Beljiyam ta yau, a wannan fanni, da tsiraicin jiki da gajimare da jarirai masu fikafikai, Velázquez zai ba ka mamaki. An haife shi a birnin Sebiya na Sifaniya a 1599, kuma da zanen madafa ya fara suna: tsohuwa tana suyar ƙwai, dattijo yana sayar da ruwa. Ko bayan ya zama mai zanen fada a 1623, wannan ido bai bar shi ba. Idan aka ba shi labarin alloli, sai ya sauko da su wurin sana'a, ya shafa musu gumi.

Maƙera ya fi sauƙin bayani, don haka da shi za a fara. A 1628 Rubens ya zo Madrid kan aikin jakadanci, ya yi watanni, su biyun suka shaƙu. Shekara ta gaba sarki ya ba Velázquez izinin tafiya Italiya. A Roma ya zana manyan ayyuka biyu a 1630: wannan, da wani da ke nuna 'yan'uwan Annabi Yusuf sun kawo wa mahaifinsu rigarsa da jini. Wancan yana fadar El Escorial yanzu. An sayi duka biyun don sarki a 1634, kuma in ka lura tagwaye ne, domin kowanne yana nuna lokacin da aka kawo wa mutum mummunan labari. A ɗaya labarin ƙarya ne, a ɗayan gaskiya ce.

Ga tatsuniyar. Bulkan gurgu ne, shi ne maƙerin alloli, matarsa kuwa Benus ce, wadda ake jingina wa kyau da soyayya. Tana cin amanarsa da Mars, gwarzon yaƙi. Rana, wadda babu abin da ke ɓuya gare ta, ta gan su, ta zo ta faɗa wa mijin. A zanen Apolo ne, ɗaya daga cikin allolin, ke tsaye a matsayin ranar. Daga baya Bulkan ya ƙera wata ragar tagulla siririya da ido ba ya gani, ya ɗana ta a kan gado, ta kama su, ya kira sauran alloli suka yi ta dariya. Masu zane da yawa wannan wurin suke zaɓa, don ya ba su dalilin zana mace tsirara. Velázquez ya bar shi, ya koma baya zuwa daƙiƙar da maganar ta faɗo.

Mutum shida ne a ciki. Apolo yana hagu, fatarsa fes, da mayafi ruwan lemu, kambun ganye a ka, haske yana fita daga kansa, ya ɗaga yatsa yana bayani. Ya yi kama da ɗan gata da ya shigo garejin kanikawa da farar shadda don ya kawo tsegumi. Kusa da shi Bulkan ne, da gemu da ɗan ƙyalle a ka, jikinsa a karkace yadda za ka gane gurguntarsa ba tare da an nuna ta ƙiri-ƙiri ba. Guduma na hannu ɗaya, ɗayan hannun ya danne ƙarfe a kan uwar maƙera, idanunsa sun fito. Yaran maƙerar a tatsuniya ƙattai ne masu ido ɗaya a goshi, amma a nan mutane ne sak, kowa da idonsa biyu. Ɗaya ya ba mu baya, ɗaya ya sunkuya kan sulken da yake gyarawa, ɗaya yana can ciki cikin duhu. Akwai kuma wanda ya saki baki, ya ɗage gira, kuma shi ne mafi yawan mutane ke tunawa bayan sun bar wurin.

Abin da ya fi burge ni shi ne ƙarfen nan na kan uwar maƙera. Har yanzu ja ne wur. Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya san ƙarfe ba ya jiran kowa, da an ciro shi daga wuta sai duka kafin ya huce. Tun da bai huce ba kuma babu mai dukansa, ka san yanzu-yanzu Apolo ya buɗe baki. Da wannan ɗan jan wuri mai zanen ya faɗi lokacin da abin ya faru. Wasu masana suna ƙarawa da cewa sulken da ake ƙerawa na Mars ɗin ne da kansa, wanda in haka ne cin fuskar ya zama biyu. Can a saman murhu akwai wata 'yar farar buta mai sheƙi, wadda ba ta da aiki a labarin, sai dai ta tuna maka mai zanen madafa ne ya yi wannan.

Aibinsa a fili yake. Jikunan mazan an jera su kamar darasi: wannan ta gaba, wannan ta baya, wannan ta gefe, duk da tsayi da ƙira kusan iri ɗaya. Kana ganin saurayi ɗan shekara 31 da ya je Roma ya kalli mutum-mutumin mutanen da, yana so a san ya koyo. Kuma da zarar ka gane labarin, ka gama da shi. Kallo na goma ba zai ba ka abin da kallo na biyu bai ba ka ba, sai dai jin daɗin gwaninta.

Masu Kaɗi wani al'amari ne dabam. Arakne budurwa ce daga ƙasar Lidiya, a yammacin Turkiyya ta yau, 'yar wani marini. Ta gwanance a kaɗi da saƙa har ta ce ko Minerba, wadda Romawa ke jingina wa hikima da sana'ar hannu, ba za ta fi ta ba. Minerba ta zo mata a siffar tsohuwa, ta yi mata nasiha ta janye maganar. Ta ƙi. Sai tsohuwar ta bayyana kanta, aka kafa gasa. Minerba ta saƙa ɗaukakar alloli da hukuncin da ya samu waɗanda suka yi musu tsaurin ido. Arakne kuwa ta saƙa abin kunyarsu, yadda suke sauya kama su yaudari mata, ta fara da Jufita, shugaban alloli, da ya zama bijimi ya sace wata budurwa mai suna Yurofa ya ratsa teku da ita. Minerba ta duba saƙar ba ta sami aibi ko ɗaya ba, kuma wannan ne ya fi ƙona mata rai. Ta yayyaga ta, ta bugi yarinyar da ƙoshiya. Arakne ta rataye kanta don baƙin ciki, Minerba ta mayar da ita gizo-gizo, ta ci gaba da saƙa tana reto a zare.

To, kalli zanen, ka nemi wannan labari. Da farko ba za ka gan shi ba. Mata biyar ne a gaba, a ɗaki mai duhu-duhu, ƙafa ba takalmi, ulu a warwatse a ƙasa, kyanwa na kwance a tsakiya. A hagu wata ta janye jan labule tana magana da wata dattijuwa mai farin ɗankwali da ke juya keken kaɗi. A dama wata budurwa mai farar riga ta ba mu baya, ta miƙa hannu tana naɗe zare, haske ya sauka a wuyanta da kafaɗarta. Ta tsakiya, mai jan zane, ta durƙusa, fuskarta kusan babu ido babu hanci, inuwa ce kawai. Sai can ciki, bayan 'yan matakala, akwai wani ɗan ɗaki da rana ta cika. A nan ne wasu mata uku masu kayan alfarma suke tsaye, ga wata babbar goge irin ta Turawa a jingine, ga wata mai kwalkwali ta ɗaga hannu a kan wata budurwa. Bayansu an rataye saƙaƙƙen labulen bango, a jikinsa bijimi yana gudu da mace. Mai kwalkwalin Minerba ce, budurwar Arakne ce, labulen kuma saƙarta ce.

Mai zanen ya juya tsarin da aka saba. Abin da ake kira babban labari ya tura shi can baya ya ƙanƙantar da shi, aikin ƙwadago kuwa ya kawo shi gaba ya ba shi fili. Dabarar ta yi aiki har ta wuce gona da iri, domin an daɗe ana ɗaukar zanen a matsayin hoton ma'aikatan masaƙar Santa Isabel ta Madrid, da wasu manyan mata sun zo duba kaya. Sai a 1948 masanin tarihin zane Diego Angulo ya kafa hujjar cewa labarin Arakne ne, aka kuma fito da takardar lissafin kayan Pedro de Arce, wani bafade mai kula da farautar sarki, ta shekarar 1664, inda aka rubuta zanen da sunan tatsuniyar Arakne. Har yau ba a gama gardama ba. Wasu sun ce dattijuwar gaba ita ce Minerba cikin ɓad-da-kama, hujjarsu ita ce ƙafarta da ta fito daga zane, ƙafar yarinya ce ba ta tsohuwa ba, budurwar dama kuma Arakne ce, wato gasar na gaba, hukuncin na baya. Wasu sun ce a'a, matan gaba ma'aikata ne kawai.

Hoton da ke jikin labulen ma yana da nasa tarihi. Velázquez bai ƙirƙiro shi ba, ya ɗauko shi ne daga zanen satar Yurofa da Titian, mai zane ɗan Italiya, ya yi wa sarkin Sifaniya Filib na II wajen 1560, wanda yanzu yake birnin Boston a Amurka. Rubens ya kwaikwayi wannan zane lokacin zamansa a Madrid. Saboda haka saƙar da ta gagari Minerba aikin Titian ce, ta biyo ta hannun Rubens, ta iso hannun Velázquez. A daidai shekarun nan kuma yana fafutukar shiga ƙungiyar mayaƙan Santiago, wadda ba ta karɓar mai cin abinci da aikin hannu. Sai da aka nemo sassauci daga Fafaroma kafin ya samu a 1659, shekara ɗaya kafin rasuwarsa. Mutumin da ake tuhuma da cewa shi ɗan sana'a ne, ya zana tafiyar ulu daga ƙasa zuwa zare, daga zare zuwa abin da ya fi ƙarfin alloli. Da wuya a ce haɗuwa ce kawai.

Sai keken kaɗin. Sandunan da ke cikin wilinsa ba sa nan, sai wani hazo-hazo a madadinsu, domin yana juyawa da sauri. Haka ido ke gani, amma kafin zuwan kyamara ba kasafai mai zane ke yarda ya bar abin da ya san yana nan don ya bi abin da ido ya gani ba.

Yanzu ga zaɓin. Idan kwaikwayo za ka yi don hannunka ya faɗa, ɗauki Maƙera, kada ma ka yi wasi-wasi. Iyakar kowane jiki a bayyane take, tsoka da ƙashi suna inda ya kamata, launukan kaɗan ne: ƙasa-ƙasa, toka-toka, da ruwan lemu a wuri biyu. Za ka iya fara shi da fensir ko gawayi, ka ɗauki bayan mutum ɗaya ka yi mako a kansa, ka kuma ga ci gabanka da idonka. Aibin nan da na ambata, na jera jikuna kamar darasi, shi ne alherinsa ga mai koyo. Masu Kaɗi ba a gina shi da layi ba, da haske da iska aka gina shi. In ka matsa kusa, hannun budurwar nan shafe-shafen buroshi ne kawai, sai ka ja da baya yake zama hannu. Sabon hannu in ya kama shi, ɗayan biyu ke faruwa: ko ya dagule ya zama laka, ko ya tsaya ƙara wa fuskoki ido da hanci har ya kashe abin da ya sa zanen ya yi suna.

Idan rubutu ne, tsawonsa ne zai raba gardama. Ga aikin shafi biyar ko shida, Maƙera ya isa, musamman in ka haɗa shi da tagwayensa na rigar Annabi Yusuf, ka nuna yadda fuska da hannu ke karɓar labari a kowanne. Kana iya ƙarawa da hoton bugu na Antonio Tempesta da ake ganin daga gare shi ya samo tsarin. Bayan wannan za ka fara maimaita kanka. Ga aikin kammala karatu kuwa, Masu Kaɗi ba ya ƙarewa: matsayin mai zane a fada, aikin mata, gasar almajiri da malami, yadda aka yi shekaru ana kallon abu ba a gane shi ba. Haɗarinsa shi ne yawan fassara. Ɗalibi kan nutse cikin wane ya ce wane ya ce, ya manta bai bayyana abin da ke jikin ƙyallen ba. Ka zaɓi tambaya ɗaya, ka riƙe ta.

Mai sayen bugu ya fara da tambayar girma. Maƙera yana jure ƙanƙancewa. Ko a fuskar waya mutum shidan nan suna nan, bakin nan a sake, ƙarfen nan ja. Masu Kaɗi in aka matse shi a takarda ƙarama, ɗakin baya ya zama ɗigon haske, Minerba ta ɓace, ka koma inda masu kallo na can baya suka tsaya, kana kallon mata suna aiki. Injin bugu maras kyau kuma yakan haɗiye rabin gaban cikin baƙi. Ni ba zan saye shi ƙasa da mita ɗaya a faɗi ba. In bangonka ko aljihunka bai kai nan ba, Maƙera ne naka.

Akwai kuma batun inda za a rataye. Gidaje da yawa ba sa rataye hoton mai rai ko kaɗan, su littafi ko allon kwamfuta ya wadatar. Ga wanda ke ratayewa, mazan Maƙera ba riga, ɗan ƙyalle ne kawai a ƙugu, kuma ranar da suruki ya tambaye ka me ake faɗa wa wannan mai gemun, amsar ita ce matarsa na bin wani. Matan Masu Kaɗi da suturarsu, in ban da ƙafar dattijuwar da hannun budurwar, Yurofa ta jikin labule kuma da ƙyar ake gane ta. Labarinsa na gwaninta ne da girman kai da hassadar babba ga ƙarami, abin da za a iya faɗa a gaban kowa, ko da yake akwai rataya a ƙarshensa. A falo, ko shagon tela, ko ofis, shi ya fi zama lafiya.

Wanda ya isa Prado da ƙafarsa, shi kam kada ya raba lokacinsa biyu daidai. An hana ɗaukar hoto a ɗakunan, abin da idonka ya ɗauka shi ne naka. Awa biyun ƙarshe na kowace rana shiga kyauta ce, sai dai layi. Maƙera minti goma ya ishe shi, domin hoton da gidan ya sa a shafinsa na intanet ya riga ya ba ka mafi yawansa. Masu Kaɗi ne allo ba ya iya bayarwa, don sai ka matsa, ka ja baya, ka sake matsawa. Kwafin Yurofa na Rubens yana gidan, ka neme shi ka ga abin da ke jikin labulen da girmansa. In ka kutsa cikin cunkoson da ke gaban Las Meninas, shahararren zanen Velázquez na 1656, ka ɗaga ido zuwa bangon baya na ɗakin da aka zana: ɗaya daga cikin hotuna biyun da ke cikin duhu a can, Minerba ce take hukunta Arakne.

Kafin ka biya kuɗin bugu, ko ka sa hoton Masu Kaɗi a rubutunka, ka duba wanne aka ba ka, domin iri biyu ke yawo. Abin da Velázquez ya zana santimita 167 ne a tsayi, 252 a faɗi. A ƙarni na 18 aka ɗinka masa ƙari a gefuna, mafi yawa a sama, ya koma 220 da 289. Ƙarin ya sa ɗakin ya yi tsayi, ya tura su Minerba nesa, ya ƙara wa zanen kama da hoton masaƙa. Tun 2021 Prado ta sa masa firam da ke rufe ƙarin ba tare da an yanke shi ba, amma tsofaffin littattafai da masu sayar da bugu da yawa suna kan tsohon hoton. In ka ga bakan gini a saman ɗakin baya da wata zagayayyiyar taga, mai ƙarin ne, ka ce a ba ka ɗayan.